Gidan da Muke Kwana Ciki da Gidan da Banki Yake Gani

Jawabin kwamitin gidaje, kamar yadda aka karanta a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

   

A taron bara kuka ɗora mana aiki. Kuka ce ana ta jin labari a rediyo wai akwai bashin gida mai sauƙi da gwamnati ta tsaya masa, mu je mu binciko, mu gano gidajen da za su iya shiga ciki a nan yankinmu. To mun je, mun tambaya, mun shiga gida-gida wajen membobinmu. Mu ba 'yan boko ba ne, 'yan kasuwa ne, masu turara shinkafa da masu kai tumatir Kwanar Gafan da masu awon hatsi. Amma alhamdu lillahi yanzu muna iya karanta takarda da kanmu, kuma abin da muka karanta da abin da muka gani shi za mu faɗa muku ba ƙari ba ragi.

Abu na farko da ya kamata kowace mace ta riƙe, idan an ce gwamnati ta tsaya wa bashi, ba a ce ta yafe shi ba. Misali, tun 1977 aka kafa asusun da ke tsaya wa manoma a wajen bankuna, Babban Bankin Najeriya ne ke kula da shi. Idan manomi ya kasa biya, asusun yana iya mayar wa banki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale. Kun ga wa aka rufa wa asiri a nan? Banki. Shi manomi sunansa yana nan a littafin masu bashi. Haka shirin nan na manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, mutane da yawa suka ɗauka rabon ganima ne, daga baya aka zo neman a biya. Don haka duk inda kuka ji kalmar lamuni, ku sa a ranku za a biya. Kuma bashin noma daban, bashin gida daban. Wanda aka ba taki da iri ba zai ce zai sayi kwano ya yi rufi da shi ba.

Shi bashin gida na gwamnatin tarayya, hanyarsa ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake kira NHF. Dokar 1992 ce ta kafa shi, kuma bankin lamunin gidaje na tarayya, wato FMBN, shi ke riƙe da shi. Tsarinsa kamar adashi ne. Ana zuba kashi 2.5 cikin 100 na abin da mutum ke samu a wata, wato naira 25 a cikin kowace naira 1,000. Wadda take samun naira 40,000 a wata za ta zuba naira 1,000 ke nan. Sai an yi aƙalla wata 6 ana zubi kafin a nemi bashi. Ruwan da ake ɗorawa kashi 6 ne cikin 100 a shekara, kuma ana iya biya a hankali har shekara 30, gwargwadon shekarun mai karɓa. Ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ke shiga ba, mai sana'ar kanta ma tana iya yin rajista, kuma ƙungiyoyin gama kai masu rajista irin tamu suna da ƙofarsu. Shi bashin mutum ɗaya ba a miƙa shi hannu da hannu, yana bi ta bankunan jinginar gida da aka amince da su.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin gida ba a bayar da shi sai an jinginar da gidan. Shi kuwa banki ba ya ganin gida yadda muke ganinsa. Mu idan muka dubi gida, muna ganin zaure da rumbu da turken awaki da ɗakin da aka haifi 'ya'yanmu. Banki takarda yake gani. Tambayarsa guda uku ce: na wane ne a rubuce, ina iyakarsa a rubuce, kuma idan aka kasa biya zai sayu? Gidan da ba shi da amsar waɗannan, ko bene ne hawa biyu, a wajen banki kamar babu shi.

Dalilin haka yana cikin dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, kuma har yau ita ke aiki. Dokar ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana don jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne izinin zama da amfani. A birni gwamna ke bayar da wannan izini. A karkara ƙaramar hukuma tana da ikon bayar da shaidar mallaka irin ta gargajiya, shi ma gwamna yana iya bayar da tasa. Takardar gwamna, wadda 'yan boko ke ce wa C of O, yawanci shekara 99 ake rubutawa a kanta, kuma ita bankuna suka fi yarda da ita. Ko da tana hannunka, ba ka jinginar da ita sai da amincewar gwamna. A nan Jihar Kano, ma'aikatar ƙasa da safiyo da ofishin KANGIS su ke wannan aiki.

Da muka fahimci haka, sai muka zaga muna tambayar membobi, kowace ta nuna mana abin da ke cikin akwatinta ko na maigidanta. Abin da muka tarar ya kasu gida biyar.

Na farko, gidajen da ke da takardar gwamna da zanen safiyo. Waɗannan su ne 'yan gata, kuma su ne mafi ƙaranci. Yawanci na bakin titi ne, ko na tsofaffin ma'aikata, ko filayen da hukuma ta yanka. Su ma ba takarda kaɗai za a nema ba. Za a nemi zanen gini da hukuma ta amince da shi, da shaidar biyan haraji, da shaidar abin da mutum ke samu, sannan a turo mai ƙiyasta darajar gida ya zo ya duba.

Na biyu, masu takardar ƙaramar hukuma. Waɗannan sun yi rabin tafiya. Takardarsu tana da ƙarfi a doka, kuma da ita ake tafiya neman ta gwamna. Wadda ke da irin wannan kada ta yi wasa da ita.

Na uku, masu takardar ciniki kawai, wadda mai saye da mai sayarwa da shaidu suka sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi. Ranka ya daɗe, ba muna rage darajar wannan takarda ba ne. Ita ce ke kashe rigima a gari, ita ce tushen da ake ɗora sauran a kai. Sai dai banki ba ya karɓarta ita kaɗai a matsayin jingina. Mafi yawan gidajen da aka saya a yankinmu a nan suke.

Na huɗu, gidajen gado da ba a raba ba. Malam ya rasu shekara da shekaru, 'ya'ya da jikoki suna ciki, kowa ya san ɗakinsa, amma babu wanda zai ce ga rabonsa a rubuce. Irin wannan gida babu mutum ɗaya da zai jinginar da shi, kuma bai kamata ma a bar wani ya yi ba, domin hakkin marayu da na mata yana ciki. Maganinsa a je kotun shari'a a raba, a karɓi takardar kotu, kowa ya san nasa.

Na biyar, gidajen da wurinsu ne matsala. Wanda ya shiga burtali, ko ya hau filin hanya, ko yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko ya ci filin hukumar kogunan Hadeja da Jama'are mai kula da ruwan Tiga da noman raninmu, ko yana kwarin da ruwa ke kwanciya duk damina. Waɗannan ko an kashe kuɗi nawa da wuya takarda ta fito. Duk mai shirin sayen fili, ta fara tambayar wannan kafin ta tambayi farashi. Araha ba ta ado, filin da aka karyar da kuɗinsa a bincika dalili.

Akwai kuma maganar gini. Mai ƙiyasi yana duba ko gidan zai kai tsawon shekarun bashin yana tsaye. Ginin bulo da siminti mai rufin kwano ya fi samun daraja a idonsa fiye da ginin ƙasa, duk da mun san ɗakin soro ya fi sanyi da bazara. Yana kuma duba ko mota tana isa ƙofar gidan, domin gidan da ba a iya zuwa ba ya sayuwa da wuri.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi taɓa mu mata, kuma muna roƙon iyayenmu maza da ke nan su saurara da zuciya ɗaya. A gidaje da yawa da muka shiga, mace ce ta yi ɗakin. Ita ta turara shinkafa, ta yi adashi, ta sayar da tunkiya, ta sayi bulo da kwano. Amma filin na maigida ne ko na mahaifinsa, kuma babu inda sunanta ya fito. Muddin ana zaman lafiya babu wanda zai tuna. Ranar da mutuwa ta zo, ko aure ya ƙare, ɗakin sai ya shiga cikin dukiyar da za a raba. Matar da ke da 'ya'ya tumunin takaba ne rabonta, kashi ɗaya cikin takwas, idan kuma su biyu ne ko uku su raba wannan ɗin a tsakaninsu. Guminta na shekara goma sai ya narke cikin gado, ba don shari'a ta zalunce ta ba, sai don babu shaida. Addininmu ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, dokar ƙasa ma ba ta hana a rubuta sunan mace a takardar fili ba. Abin da ya rage shi ne mu daina jin kunyar cewa a rubuta. Idan kin sa kuɗinki a gini, a samu shaidu, a rubuta nawa kika sa. Idan kin sayi fili, sunanki za a sa, irin wanda ke jikin katinki na ɗan ƙasa, ba sunan ɗanki ko ƙaninki ba. Wannan ba rashin yarda da miji ba ne. Rubutu yana raba gardama ne ranar da masu maganar ba sa nan.

Sai lissafi, wanda muka zauna muka yi a aji tare da malamarmu. A ce mace ta ci bashin naira miliyan 2 a kan ruwa kashi 6, za ta biya cikin shekara 10. Duk wata za ta kai kusan naira 22,200. Idan ta gama, ta biya wajen naira 2,664,000 ke nan. Masu bayar da bashin gida ba sa son abin da za ka riƙa biya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samunka, don haka sai wadda ke samun kusan naira 67,000 duk wata za ta ɗauki wannan cikin natsuwa. Ku lura da kalmar duk wata. Albashi ne ke zuwa duk wata. Mu kuɗinmu yana zuwa ne da kaka da lokacin ɗiban tumatir, sannan ya yi ƙasa a watannin bazara da tsakiyar damina. Banki kuwa bai san Yuli da Agusta ba. Waɗanda suka yi noman tumatir a 2016 ba su manta yadda tsutsa ta cinye gonaki a Kadawa cikin 'yan kwanaki ba. Da a ce a shekarar gidan mutum yana jingine, kuma da tumatir kaɗai ya dogara, ina zai sa kansa? Don haka shawararmu, kada mace ta jinginar da rufin da 'ya'yanta ke kwana a ƙarƙashinsa sai tana da hanyar samu biyu, kuma ta ajiye kuɗin biyan wata uku a gefe tun kafin ta sa hannu.

Kuma idan jari kike nema, ba sai kin taɓa gida ba. Tun 2017 akwai dokar da ta ba da dama a jinginar da kayan da ake iya ɗauka, kamar injin niƙa, keken ɗinki, firji, dabbobi, ko hatsin da ke ajiye, a yi musu rajista a ƙarƙashin Babban Banki. Idan abu ya ɓaci, gara a rasa inji da a rasa gida. Inji ana sake saye.

Mun san da yawa a cikinmu zuciyarsu ba ta kwanta da maganar ruwa ba, ko kaɗan ne. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba mu ne za mu yanke hukunci ba, kowace ta tambayi malamin da ta yarda da iliminsa. Abin da za mu iya faɗa shi ne akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da ya biyo baya a 2019. Su tsarinsu su sayi abu su sayar maka da riba sananniya, ko su ba ka haya har ka mallaka. Amma ku sani, su ma sai sun ga takarda. Ta kowace ƙofa aka bi, maganar takarda tana nan tana jira.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe wannan babi. Duk lokacin da aka yi sanarwar wani shiri, sai ka ga wasu sun ɓullo da jaka da fom, suna cewa a kawo kuɗin rajista, a kawo lambar BVN da NIN, wai sun san wani babba a sama. Wasu 'yan uwanmu a ƙauyukan nan sun ba da kuɗi, har yau shiru kake ji. Kada ki ba kowa lambar sirrin katinki, ko lambar da banki ya turo miki a waya. Kada ki miƙa asalin takardar gidanki ga wanda ba a cikin ofis kuka haɗu ba, kuma ko a ofis a ba ki rasit. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba tun daga sama har ƙasa. Idan an ce ki yi sauri za a rufe yau, to nan ne ma za ki ja da baya.

To me za mu yi a shekarar da muka shiga? Kwamiti yana kawo shawara huɗu, taro ya duba.

Ɗaya, mu buɗe adashin takarda, daban da adashin jari. Wadda ta ɗauka, kuɗin safiyo da na neman shaidar mallaka za ta biya da shi, ba biki ba, ba kayan ɗaki ba. Idan maƙwabta da yawa suka haɗu suka kira safiyo rana ɗaya, ana samun sauƙin ciniki.

Biyu, kowace memba ta kawo takardun gidanta ko filinta a yi musu hoto, a ajiye kwafi a akwatin ƙungiya. Mun ga takardun da gara ta ci, mun ga waɗanda ruwa ya jiƙa har hatimin ya goge. Asalin kuma a sa a leda a ɗaga shi sama.

Uku, muna roƙon malamanmu su ware rana ɗaya a mako don karatun fom da takardar yarjejeniya, mu san inda ake rubuta ruwa, da inda ake rubuta tara idan an makara, da abin da zai faru idan mai bashi ta rasu.

Huɗu, mu gyara littattafanmu. Banki ba ya jin an ce wance tana da ciniki, sai ya gani. Wadda take sayar da buhu biyar a mako ta rubuta, kuɗin kuma ya riƙa bi ta asusunta. Ita ma ƙungiya ta tabbatar rajistarta da ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha tana kan ƙa'ida, an duba lissafinta, domin ranar da za mu nemi fili ɗaya babba da sunan ƙungiya a yanka wa membobi, wannan littafi shi zai yi mana magana.

Ranka ya daɗe Dagaci, muna neman alfarma a wajenka da masu unguwanni. Idan mace ta zo da maganar a rubuta mata shaida, a karɓe ta kamar yadda ake karɓar namiji. Idan an zo sayar da filin da kuka san yana da rigima ko yana kan burtali, a faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin kuɗi ya fita.

'Yan uwa, amsar aikin da kuka ba mu ita ce, gidajen da za su iya cin wannan bashi yau a yankinmu kaɗan ne, amma waɗanda za su iya kaiwa can idan aka bi matakai suna da yawa. Kuma ko wadda ba ta da niyyar cin bashi har abada, takardar gidanta za ta amfane ta, ta amfani marayunta. Sannu ba ta hana zuwa. Mu fara da abin da ke cikin akwatinmu.

 Allah ya jiƙan membobinmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, ya rufa mana asiri, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.